Gwangwanin Malam Tasi'u

Idan ka shiga Garo ka tambayi gidan Malam Tasi'u Abdulnasir, sai an tsaya ana kallon-kallo kafin a tuna ko wane ne. Amma ka ce gidan mai gwangwani, ko mai shayin bakin tasha zai nuna maka hanya ba tare da ya ɗaga kai daga kan butarsa ba. Gidan ƙasa ne mai rufin kwano, can ƙarshen gari inda gonaki suka fara. A tsakar gidan, wajen da wani zai dasa mangwaro ko ya kafa turken rago, shi Malam Tasi'u ƙarfe ya kafa, ya ɗora masa wani dogon gwangwani mai mazurari a baki. Sunan abin na gaskiya ma'aunin ruwan sama. Duk Garo babu wanda ya taɓa kiransa haka sai mai shi.

Shekara ashirin da ɗaya ke nan, kullum ƙarfe bakwai na safe, yake fitowa ya cire mazurarin, ya juye abin da ya taru a cikin wata siririyar kwalba mai zane-zane, ya tsuguna har idonsa ya yi daidai da saman ruwan, ya karanta, ya rubuta a littafi. In an yi ruwa ya rubuta milimita kaza. In ba a yi ba ya rubuta sifili. Da rani ma ba ya fashi, wata bakwai yana jera sifili ɗaya bayan ɗaya. Sai ya gama wannan yake buga babur ɗinsa ya nufi Gwarzo, inda yake koyar da lissafi a wata sakandaren gwamnati. A duk shekarun nan babu rana ɗaya da gurbinta ya tashi babu rubutu. Abin taƙamarsa ke nan a duniya, kuma ba shi da wani.

Abin ya samo asali ne daga gonar mahaifinsu a Durun. Wata shekara ruwa ya sauka da ƙarfinsa tun farkon Mayu, ƙasa ta jiƙu har kamu guda, kowa ya ɗauki sungumi. Gero ya fito kore shar. Daga nan sama ta ɗauke ɗif, kwana goma sha tara. Tsohon ya sake shuka, ta sake ƙonewa, a ta uku sai da ya roƙi iri wajen maƙwabta. Tasi'u, lokacin bai daɗe da fara koyarwa ba, ya iske shi zaune a gefen gona yana murje busasshen tsiro a tafin hannu. Da yamma ya bi dattawan garin yana tambaya ko an taɓa yin haka. Kowa ya ce an taɓa. Wani ya ce shekarar da aka yi hanyar mota, wani ya ce a'a, shekarar da rijiyar masallaci ta rufta, aka yi ta musu har aka kira magariba. A nan ya gane cewa mutanen da cinsu da shansu suka rataya a kan ruwan sama ba su taɓa rubuta ko kwana ɗaya nasa ba.

Yayansa Sajo, wanda ya girme shi da shekara tara kuma ya gaji noman gidan, shi ya fara ganin gwangwanin. Sajo bai yi boko ba, amma ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami mai kyau, ga shi da baki. Ya zagaya ƙarfen sau biyu yana riƙe da haɓa.

"Tasi'u, ruwan da Allah ya saukar kai ne za ka ƙirga?"

"Ba ƙirga wa Allah nake yi ba, Yaya. Mu nake ƙirga wa."

Sajo ya jawo littafin ya buɗe, ya ga zagaye-zagaye sun cika shafi. Da aka gaya masa ranakun da ba a yi ruwa ba ne, sai ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Wai ranar da ba a yi ba ma sai ka rubuta? Me kake rubutawa, babu?"

"Babun ce ta kashe geron Baba, Yaya."

"To Allah ya ba da sa'a, malamin babu," in ji Sajo. Sunan ya bi Tasi'u shekaru a bakin 'yan uwa.

Bayan shekara goma yana tara lambobi, sai ya koma karatun digiri na biyu a wata jami'a a Kano, Asabar da Lahadi. A can ya rubuta wata 'yar manhajar kwamfuta, ya sa mata suna Sungumi. Aikinta ɗaya ne. Ka zuba mata lissafin ruwan garinku na shekarun baya, ta dubi na bana, ta gaya maka ko wannan ruwan farkon na gaske ne ko irin wanda fari ke biyo bayansa. Abokan karatunsa suka ce ya kulle ta ya nemi kamfani. Shi kuwa ya ɗora ta a intanet a buɗe, da sharaɗin kowa ya ɗauka, ya gyara, ya ƙara, amma ya bar ta a buɗe yadda ya same ta. Littafin ruwan Garo ma ya ɗora shi duka. Takardar binciken kuma, wadda abokiyar aikinsa Malama Martina Jang ta bi Turancinta da jan biro har sau uku, ya aika da ita wata mujallar ilimi da kowa ke karantawa kyauta.

Mutum ɗaya ne ya fahimci abin tun ranar farko, matarsa Uwaliya. Tana tankaɗe ya yi ta zagaye-zagaye yana neman yadda zai bayyana mata, ita kuwa ta kakkaɓe rariya ta ce, "To ai wakafi ka yi, Malam, kamar rijiyar bakin hanya. Me ye na dogon bayani?" Ita ce ta koyi karanta kwalbar awon. Duk ranar da ya kwana a Kano ita take fitowa ƙarfe bakwai, ta tsuguna, ta rubuta da ƙananan lambobinta masu kwanciya gefe.

Sauran duniyar da ke kusa da shi ba ta gane ba, kuma ba ta nemi ta gane ba. Ya nemi aikin koyarwa a wata kwaleji, ya je ganawa da takardarsa a cikin leda don kada ta yi datti. Mutum uku ne a bayan tebur, kuma ko ɗaya bai buɗe shafi na biyu ba. Na tsakiyar ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Malam, ka ce wannan mujallar kowa na karanta ta kyauta?"

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe."

"To abin da kowa zai samu kyauta, ina darajarsa?"

Da a ce Malam Tasi'u mai baki ne irin yayansa, da ya tambayi mutumin nawa yake sayen iskar da yake shaƙa. Amma sai ya mayar da takardarsa cikin leda, ya koma Gwarzo ya ci gaba da koya wa yara raba-dogo.

Can nesa kuwa, Sungumi ta yi ƙafa. Wani ɗalibi a Maraɗi ya mayar da umarninta Faransanci. Wata mata a arewacin Gana ta gano wani kuskure a lissafin shekara mai ƙarin kwana, ta gyara ta aiko masa da gaisuwa. Wasu a Malawi suka daidaita ta da masara. Masu bincike suka dinga ambaton takardarsa a nasu rubuce-rubucen. Duk wannan a ɗakin malamai yake ganinsa, lokacin hutun tara, a kan tsohuwar kwamfutarsa da batirinta ba ya wuce minti arba'in. Ranar da ambaton ya cika ɗari biyu ya kasa riƙewa, ya ɗaga kai ya ce, "Jama'a, an ambaci takardata sau ɗari biyu." Malam Lukuman, malamin wasanni, ya juyo da gurasa a baki ya ce, "A wace rediyo?" Aka yi dariya aka koma hirar ƙwallo.

Sai Uwaliya ta rasu, shekara huɗu ke nan, bayan jinyar mako biyu. 'Yarsu ɗaya tilo, Zinnira, tana aure a Kaduna. Malama Martina ta yi ritaya ta koma Filato, sai dai gaisuwar waya da Sallah da Kirsimeti. Dangi suka yi ta maganar ya sake aure, yana cewa to, har suka gaji suka bari. Gidan ya rage daga shi sai akuya biyu da gwangwani. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, ba ma a ranakun baƙin ciki ba, a ranakun labari mai daɗi. Saƙo zai zo daga wata ƙasa, ya karanta, ya juya zai ce "Uwaliya, ji nan," sai ya tuna.

Irin wannan saƙon ne ya zo shekara uku da suka wuce. Wata ƙungiya mai taimakon manoma ta rubuto cewa ta gina tsarinta a kan Sungumi. Suna haɗa hoton tauraron ɗan'adam da awon ma'aunan ƙasa, suna aika wa manoma saƙon murya ta waya da Hausa, a shuka ko a dakata. A yankin Kabo da Gwarzo, suka ce, ma'auninsa ne kaɗai suke dogara da shi wajen gyara abin da tauraron ya hango, saboda babu wani mai tsawon tarihinsa kuma babu giɓi a cikinsa. Sun roƙe shi ya ci gaba da ɗora lambobin kullum.

Ashe Sajo yana cikin masu karɓar saƙon. Shekara biyu a jere shukarsa ta farko na kamawa, bai sake shuka ba, ya zama mai wa'azin abin a majalisa. Ranar sunan wani jikansa ya zaro wayar ya kunna wa Tasi'u muryar a gaban mutane.

"Ka ji masu ilimin gaske. Turawa ne, daga sama suke gani. Kai kana nan kana fama da gwangwani."

Malam Tasi'u ya matso kusa da shi. Ya ce a hankali, "Yaya, wannan saƙon, da manhajata ake yinsa. Lambobin gwangwanin nan ne a ciki."

Sai Sajo ya dafa kafaɗar na kusa da shi, dariya ta ƙwace masa har da hawaye.

"Kai Tasi'u, ka ji tsoron Allah! To jirgin Makka ma ce mana kai ka ƙera."

Daga ranar bai sake ɗaga maganar ga kowa ba.

Bara idonsa na dama ya fara hazo. Da farko ya ɗauka tabarau ne, har ta kai sai ya rufe idon da hannu kafin ya ga zanen kwalbar awo. A wani asibitin ido a Kano aka ce yanar ido ce, ga kuma hawan jinin ido yana neman shiga. Aka sa masa ranar aiki a watan Maris, ya yi murna, don a Maris ko yana kwance ya san sifili zai rubuta. Sai injin asibitin ya lalace, aka ɗaga zuwa ƙarshen Mayu, daidai faɗuwar damina, kwanakin da duk aikin shekara ya dogara a kansu. Ya roƙi likita a kai shi Oktoba. Likitan ya ajiye biro ya dube shi.

"Malam, in ka ƙara wata biyu, ba yanar ba, idon gaba ɗaya sai haƙuri. Me kake da shi a gida da ya fi ido?"

Ya rasa yadda zai ce gwangwani.

Ya dawo ya fara neman wanda zai bar wa awon. Maƙwabcinsa Dabo ɗan kasuwa ne, tun asuba yake bin kasuwannin ƙauye, wani lokaci ya kwana biyu bai dawo ba. Malam Lukuman ya ce "ba matsala" da irin muryar da kowa ya san akwai matsala, ga shi a Gwarzo yake zaune. Zinnira na da tsohon ciki. A ƙarshe ya rubuta wa masu aiki da Sungumi cewa awon Garo zai yanke na wasu kwanaki. Mutum bakwai daga ƙasashe shida suka amsa, kowa da addu'arsa, har wani ya ce zai rubuta dabarar cike giɓi da ƙiyasi. Ya karanta su duka sau biyu, ya rufe kwamfutar. Mutanen kirki ne, amma babu wanda hannunsa zai kai tsakar gidan Garo.

Ana gobe zai tafi, Sajo ya zo a kan babur karɓar makulli saboda akuyoyi. Suka gaisa, ya yi masa addu'a doguwa, ya tofa masa a ido. Gwangwanin na tsaye tsakaninsu. Malam Tasi'u ya buɗe baki zai roƙa, dariyar ranar suna ta dawo masa, ya haɗiye maganar.

"Dusar tana cikin buhu a zaure, Yaya."

"Na gani. Ka tafi kai dai."

Kwana uku aka ce zai yi. Bayan aikin sai jinin idon ya hau, aka riƙe shi ana duba shi kullum, kwana uku suka zama goma sha biyu. A ɗakin wani tsohon abokin karatunsa ya zauna, ido ɗaure da bandeji. Rana ta huɗu da la'asar hadari ya haɗo, ruwa ya kece a kan kwano. Yana kwance yana saurare, kunnensa na auna shi da kansa, wannan ya kai ashirin, ya wuce. Ko an yi a Garo? Ko gwangwanin ya cika yana zuba? Mutumin da ya ba hamsin baya ya ji hawaye na bin gefen idon da ba a ɗaure ba, kuma ya ji kunyar abin da yake yi wa kukan.

Ranar da aka sallame shi ya iso Garo da azahar, da baƙin tabarau a fuska. Babur ɗin Sajo na jingine a ƙofar gida, shi kuma yana zaune a tabarma a zaure yana jan carbi. Suka gaisa, ya tambayi ido, ya tambayi hanya. Malam Tasi'u yana amsawa ƙafarsa na jansa ciki. Yana shiga tsakar gida ya tsaya cak.

Ƙarfen na nan, amma babu gwangwani a kansa. An cire shi an jingine a inuwar rumfa, an kife mazurarin a kai. A tsakiyar fili kuwa an kife turmi, an ɗora masa babban daron Uwaliya, farin nan mai jan baki na kayan ɗakinta, wanda tun rasuwarta ba a sauko da shi daga saman kabad ba. Jikin bango kuma robobin ruwa ne jere.

"Yaya, wa ya taɓa ma'aunin nan?"

Sajo ya biyo shi yana murmushi, irin na wanda ya yi abin a yaba. "Ni ne. Washegarin tafiyarka na leƙa, na ga ɗan gwangwanin nan naka ba ya tara abin kirki, bakinsa ɗan tsurut. Na ce wannan bawan Allah shekara da shekaru yana wahala a kan ruwan da bai cika kofi ba. Shi ne na sauko da daro, na tara maka da yawa."

"Da yawa?" Muryar Malam Tasi'u ta tashi, abin da bai taɓa yi wa yayansa ba tun suna yara. "Wa ya ce maka yawa nake nema? Da ka bar shi a inda yake, ko jimillar kwanakin na samu! Shekara ashirin da ɗaya, Yaya! Kun yi mini dariya na yi shiru, kun sa mini suna na yi shiru. Abin da ba ka sani ba, don Allah ka bar shi!"

Murmushin ya bar fuskar Sajo a hankali. Ya dubi ƙaninsa, ya dubi daron. Ya sa hannu a aljihu ya zaro makulli ya ajiye a kan turmin, gefen daro.

"Akuyoyinka sun ci sun sha. Allah ya ƙara sauƙi."

Ƙarar babur ɗinsa ta yi nisa har ta ɓace. Malam Tasi'u ya zauna a bakin rumfa, kansa na sarawa. Ya daɗe a haka kafin idonsa mai lafiya ya koma kan robobin. Ya tashi ya matsa don ya kwashe su ya zubar.

Ba a jibge suke ba, a jere suke, daga dama zuwa hagu yadda ake rubutun allo. Wuri goma sha biyu. A wasu wuraren roba ɗaya ce, a wasu biyu ko uku an ɗaure wuyansu da igiya ɗaya. Kowace an murɗe murfinta tam. Jikin kowace an ɗaura 'yar takardar buhun siminti da rubutun ajami, hannun Sajo mai kyau, Laraba, Alhamis, Juma'a, da kwanan wata, da kalmar "hantsi". Biyar ne masu ruwa. Sauran bakwai babu ko ɗigo a ciki, amma su ma an rufe su, an ɗaura musu takarda, an ajiye kowace a gurbinta. Ya ɗauki ɗaya ya kawo kusa da ido. Ƙarƙashin sunan ranar an rubuta kalma ɗaya, babu.

Ya tsuguna a wurin da robar a hannu. Kwana goma sha biyu dattijo ɗan shekara sittin da ɗoriya yana buga babur daga Durun da sassafe, a tsakiyar shirin shuka, don ya rufe roba marar komai ya rubuta mata suna.

Da ya ɗaga kai sai idonsa ya sauka a kan daron, malamin lissafin da ke cikinsa ya farka. Bakin daron zagayayye ne. Ya shiga ɗaki da sauri ya ɗauko rula, ya auna faɗinsa ta gefe uku, santimita arba'in duk inda ya juya. Ya auna bakin mazurarinsa. Ya yi lissafin a ƙasa da tsinke. Daron na kama ruwa kusan ninki goma na abin da gwangwani ke kamawa. Ashe ba a rasa komai ba. Ya auna ruwan kowace rana ya raba goma, shi ke nan.

Har la'asar sakaliya yana kai. Ya tsiyaya a kwalbar awo, ya rufe ido ɗaya, ya karanta, ya zubar, ya sake cikawa. Ruwan rana ta huɗu, wanda ya saurara a Kano, ashe an yi shi a Garo, roba uku, milimita ashirin da uku. Da ya gama ya buɗe kwamfuta ya shigar da lambobin. Bai ɓoye komai ba, ya rubuta a gefe cewa na waɗannan kwanakin ƙiyasi ne, a daro aka tara, wataƙila wani ya fantsale. Sannan ya zo layin ƙarshe, inda ake sa sunan wanda ya yi awon. Shekara ashirin da ɗaya suna biyu ne kawai a layin nan, nasa da na Uwaliya, kuma shekara huɗu nasa ne kaɗai. Ya rubuta Sajo Abdulnasir. Akwai hanyar da zai kwafa ya cike sauran guraben da dannawa ɗaya, amma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, harafi-harafi, sau goma sha biyu. Ya aika. Ya mayar da gwangwanin kan ƙarfensa, ya wanke daron ya goge shi.

Kwana biyu bayan haka, da ya gama awon safe, ya hau acaɓa zuwa Durun, don likita ya hana shi tuƙi. A gonar mahaifinsu ya iske Sajo shi kaɗai, 'ya'yansa da suka tafi ci-rani birni ba su dawo ba tukuna. Yana sara da sungumi, ya ajiye, ya dawo baya ya zuba iri, aikin mutum biyu yana yi shi ɗaya. Malam Tasi'u ya yi sallama ya tsuguna ya gaishe shi.

"Yaya, na zo ne a kan maganar da na..."

"Gyara tabaran nan, rana za ta shiga idon," in ji Sajo, bai dube shi ba. Ya miƙo masa ƙwaryar gero. "Tunda ka zo, biyo ni."

Sajo na gaba yana sara, Tasi'u na baya yana jefa iri yana rufewa da ƙafa. Suka gama layi guda. A na biyu Sajo ya taɓa aljihun da wayarsa take.

"Kwana goma suna cewa a dakata, a dakata, har na fara jin haushinsu. Yau da asuba suka ce a shuka. Ka ga masu ilimi ke nan. Suna can sama suna gani."

Maganar ta zo wa Malam Tasi'u har bakin leɓe. Ya so ya ce da robobinka suka gani, Yaya. Ya so ya ce sunanka yanzu yana Maraɗi, yana Gana, yana ƙasashen da ba ka taɓa jin sunansu ba. Ya dubi bayan yayansa, rigar ta jiƙe da gumi, wuyan ya tattare kamar na Baba. Ya san dariya zai yi, ko kuma ya ɗauka lallashi ne.

"Haka ne, Yaya," ya ce.

Suka kai ƙarshen layi suka juyo. Sajo ya tofa yawu a tafin hannu ya gyara riƙon sungumi, har yanzu bai waiwayo ba.

"Robobin nan, sun yi maka wani amfani, ko in zo in kwashe?"

"Sun yi, Yaya. Duka. Har marasa komai ɗin."

Sajo ya ɗaga sungumi ya sara, ya ɗaga ya sara.

"Ai kai ka ce babun ce ta kashe geron Baba."

Malam Tasi'u ya tsaya da iri a hannu, ramin da ke gabansa ya yi masa dishi-dishi, kuma ba yanar ba ce. Sajo ya riga ya yi gaba da rami huɗu. Ya jefa geron, ya rufe da ƙafa, ya bi bayansa.